Sharar Lungun Baya

A shekarar korona azumi ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya son hawa katanga. An rufe iyakokin jihohi. Manyan motocin da ke ratsa Tambuwal zuwa kudu suka yi layi a tasha, kaji na kwana ƙarƙashinsu. Mazan da a da sai a yi wata ba a ga ƙeyarsu ba duk suka dawo gida suka zauna, ba aiki, ba fita, sai huci.

A irin wannan safiya ce Suhaibu, wani yaron mota da ke Shiyar Majema, ya fito ƙofar gidansa yana kururuwa wai an sace masa mata.

Mutane suka cika gidan. Ƙyauren ɗaki a karye, jini a dokin ƙofa, takalmin matar tasa Hinde ƙafa ɗaya yashe kusa da murhu. Shi dai cewa yake bayan sallar asuba ya tafi tasha jin labarin hanya, da ya dawo da hantsi bai iske ta ba. Amma ba wanda ya ce masa Allah Ya bayyana ta. Kowa ƙasa yake kallo, domin duk shiyar ta ji ihun Hinde da gari ya fara wayewa, kamar yadda ta saba ji tun da aka rufe hanya. Kuma duk shiyar ta ji sa'ad da ihun ya yanke.

Kafin mai unguwa ya iso, wani ya riga ya buga wa yayanta Abdulganiyyu waya a Kebbe. Amsar da ya bayar gajera ce: yana tafe da 'yan'uwansa, in aka sha ruwa bai ga Hinde da idonsa ba, Suhaibu ba zai ga sallar isha'i ba.

Mai unguwa ya share gumi da gefen rawani, ya ce, "A kira mini Bube."

*

Bube mai bin sau ne, sana'ar da ya gada. A zamaninsa, in aka kore wa Bafillace shanu a dajin Kebbe, shi ake zuwa nema da doki. Yakan dubi ƙasa ya ce maka ɓarawon gurgu ne, ko yana taunar taba, ko jiya ya yi zazzaɓi. A lokacin kowa da ƙafarsa, kowane baduku da irin ɗinkin takalminsa. Yanzu kuwa duk gari silifas iri ɗaya ake sawa, tayar babur ta bi ta shafe abin da ya rage. Rabon da a neme shi har ya manta.

Ya miƙe zai shiga tsohon ɗakinsa na ƙurya, inda sirdi da sandarsa suke, sai matarsa Ummu ta sha gabansa.

"Tsaya nan, Malam. Na barbaɗa maganin gara ciki, kada ka shaƙa da azumi. Bari in ɗauko maka."

Ta fito da sandar ta ja ƙofa, ta miƙa masa takunkumin da ta ɗinka da ragowar atamfa.

"In sa wanga abu kamar jakin da anka hana cin dawa?"

"Sa dai. Ko ba komi ya rufe gibin nan naka."

Ya sa yana gunaguni. Shekara arba'in da wani abu suna tare, bai taɓa cin ta a musu ba.

*

Da ya isa gidan Suhaibu ya tsaya ya dubi tsakar gida, ya girgiza kai. An tattake ta kamar kasuwar awaki. Ya tsuguna a bakin ɗaki. Kwaɗo na nan a kulle jikin sarƙarsa, katakon ne ya tsage, kuma daga waje aka buge shi da wani abu mai mulmulallen kai. Ba gatari ba ne, ba ƙafar namiji ba ce.

"Kai kak kulle ta ciki?"

Suhaibu ya sunkuyar da kai. "Don kada ta fita yawo, Baba. Ai an ce a zauna gida."

"Wanga jini fa?"

"Tsawa niy yi mata, tat tsorata tab bugi ƙofa."

Bube ya ɗaga sandarsa ya nuna wani tsohon fanbel na injin mota da ke rataye a ƙusa. "Wancan ne bakin da kay yi tsawar da shi?"

Bube ya zagaya bayan ɗaki, inda dangar kara ta raba gidan da lungun baya, wanda ruwan wanka ke bi. Karan ya ɗan buɗe a wuri ɗaya. Ya leƙa, bai ga sau ko ɗaya ba. Kafin ya ƙara dubawa sai ihu ya tashi: an ga sabon rami a gindin dalbejiya.

Suhaibu ya faɗa kan ramin yana roƙon kada a tona. Wannan ya sa aka tona da sauri. Mata a maƙwabta suka yi tsit, maza suka fara salati. Fartanya ta bugi wani abu ya yi ƙara. Kwalabe ne, tuli guda, na maganin tarin nan da samari ke sha don su bugu. Ya binne su ne ranar da aka ga wata, ya kuma riƙa tonowa ɗaya ɗaya.

Wani ya yi dariya, dariyar ta mutu a bakinsa. Kwalabe ba su ne Hinde ba.

*

Sai wata magana ta ɓullo. Mai sayar da itace ya ce da sanyin safiya ya ga Gazali ɗan kabu-kabu ya ɗauki mace cikin dogon hijabi a bakin shiyar, ya miƙi hanyar Kebbe.

"Awo, na ɗauki mace," in ji Gazali da aka kawo shi. "Amma wallahi ba Hinde ba ce. Ungozoma ce, anka kira ta wani ƙauye karɓar haihuwa."

"Kai ni inda kas sauke ta," in ji Bube.

Suka hau. Hanyar Kebbe ba ta tausayin tsoho, kowane rami sai ya ji shi a ƙugu. Amma idon Bube na kan daji. Can ga burtalin da ya fara bi da mahaifinsa yana saurayi, yanzu an nome shi ya zama gona. Can ga tsamiyar da suke yada zango, matan Fulani su kawo musu nono a ƙwarya ba tare da an tambaya ba. A wajen nan ne mahaifinsa ya taɓa tsayar da shi ya ce abu biyu mai bin sau ba ya yi: ba ya yi wa ƙasa ƙarya, kuma ba ya miƙa dabba sai ga mai ita. Yau dajin ya zama wurin da mutum ke wucewa yana waige.

A bakin ƙauyen ya sauka ya dubi yashi. Ƙafar tsohuwa ce, gajeren taku, da ɗigon sanda a gefe. Daga cikin wani gida ya ji kukan jariri sabon haihuwa.

"Gaskiyarka," ya ce wa Gazali. "Mu koma."

Ba su yi nisa ba babura uku suka cim musu, maza bibbiyu, kowa da gora. Na gaba ya tsaya ya sauko, idanunsa jajur. Abdulganiyyu ne.

"Baba Bube, an ce kai anka ba aikin. Tana da rai?"

"Ban sani ba tukuna, ɗana. In na sani ba ni ɓoye maka."

"Sau biyu tana yaji, sau biyu muna maida ta. Munka ce ta yi haƙuri. Ni da kaina nik kai ta bisa babur ɗin ga." Ya dubi tafin hannunsa. "In ya kashe ta, da hannuna nik kai mishi ita."

"Ni da babanka mun sha fura ƙwarya ɗaya a Fakku. Don darajar wannan, ka riƙe gorarka har a kira magariba."

Abdulganiyyu ya gyaɗa kai. "Har magariba, Baba."

*

Azahar ta wuce sa'ad da Bube ya dawo shiyar, maƙogwaro ya bushe, kansa na neman goro. Ba shi da komai a hannu. Yana ratsawa ta ƙofar Gwaggo Ruwaida, ƙanwar uban Suhaibu, sai ya ji ta tana zazzaga faɗa ita kaɗai a zaure. Ruwaida sa'ar Bube ce, kuma tun suna yara ba a taɓa raba ta da rigima ba. Ita ce ta taɓa kai ƙarar maƙwabciyarta wurin mai unguwa don ta share mata ƙofar gida, wai an ce mata ƙazama ke nan.

"Ruwaida, da wa kika yi kuma da bakin azumi?"

"Da munafukan shiyar ga! Ana cikin wanga tashin hankali, ɗana na cikin masifa, su ko cin fuska ag gabansu. Tafi lungun baya ka gani. Ta dama ta share nata tas, ta hagu ta share nata tas, sunka bar nawa tsakiya kamar juji. Don duk mai wucewa shi ce Ruwaida ce ƙazamar Shiyar Majema!"

Bube ya sauke takunkumi daga bakinsa. "Lungun baya? Anka share?"

"Kurma kaz zama?"

Bai tsaya ba ta amsa ba. Tun da aka haife shi a shiyar nan bai taɓa ganin an sa tsintsiya a lungun baya ba. Wurin kwata ne da kashin awaki. Da safe ya leƙa bai ga sau ba, ya wuce, bai tambayi kansa ba ina ko da sawun kaza.

Ya shiga lungun daga bayan gidan Suhaibu. Shara ce, an yi ta da gaggawa. Amma ko cikin gaggawa kowace mace ta tsaya daidai iyakar katangarta, ta tara ɗan tulinta a gefe, ta gaba ta ɗora daga nan. Wannan mai tsohuwar tsintsiya ce, wannan tana danna hannu, wannan doguwa ce. A nan garin ba ka share wa maƙwabciya wurinta sai in faɗa kake nema. Balle Ruwaida.

A bayan gidan Ruwaida ƙasa na nan yadda Allah Ya bar ta. Bube ya durƙusa. Mata uku a jere. Biyu na gefe takunsu ya nutse ta ciki, alamar suna tallafe da nauyi. Ta tsakiya ba takalmi, tana jan ƙafar hagu, amma ta dama tana taka ƙasa da kanta.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali.

Ya bi sharar gida bayan gida. Ta yi kwana, ta wuce bayan majema, ta ƙare a wata ƙaramar ƙofar langa-langa. Shara ta ƙarshe ta bambanta da sauran. Duk sun ja tsintsiya daga dama zuwa hagu, wannan kuwa daga hagu take zuwa dama, a lanƙwashe kamar sabon wata. Kowace safiya ta duniya yana taka irin wannan zane in zai fita alwala. Ya gan shi ran farko da aka kawo masa amarya bahaguwa daga Dogon Daji, 'yan'uwansa mata na leƙe suna dariya.

Ƙofar bayan gidansa ce.

*

Ummu na tankaɗen gari a inuwa. Ta dube shi, ta dubi ƙofar da ya shigo ta cikinta, ta ci gaba da tankaɗe.

"Yaya garar taki?" ya ce. "Ta ji magani?"

"Tana barci. Kada ka ɗaga murya."

Ya tura ƙofar ɗakin ƙurya kaɗan. Hinde na kwance a tabarma, kanta bisa tsohon bargon dokinsa. Ido ɗaya ya rufe da kumburi, an ɗaure mata ƙafa da tsumma. Ya ja ƙofar a hankali ya dawo ya zauna kan turmi.

"Kin sa tsoho ya tafi har hanyar Kebbe cikin rana."

"Ka daɗe ba ka motsa jini ba."

"Ummu, ana shirin kashe mutum."

Ta ajiye rariya. "Da asuba ma an yi shirin kashe mutum, Malam, ban ga wanda yat tashi ba. Can da, in mace ta yi kara, dattijo ba shi ko sallama, faɗawa shika yi shi riƙe hannun miji. Na ga babanka ya yi, na ga ka yi. Yanzu kun samu abin fakewa, wai an hana shiga gidan mutane saboda cuta. Masallaci kuna zuwa, majalisa kuna zama, gidan da aka duka kaɗai cuta ta tare? Da ihun yay yanke, maƙwabciyata Sharifa ta buga mini katanga, ni na buga wa Zahara'u da ke ɗaya gefen. Taɓaryata ce ta karya ƙofar. Je ka faɗa musu."

"Mai unguwa ya sa ni in nemo ta."

"Ka nemo ta. In ka faɗi inda take, dattawa su taru, a ce ta yi haƙuri albarkacin wata mai alfarma, kafin isha'i tana ɗakinai. Wane ƙyaure za mu karya gobe?"

Daga cikin ɗaki wata siririyar murya ta ce, "Baba, don Allah kada a maida ni."

Bube ya juya ga ƙofar ya yi mata tambaya ɗaya ƙasa-ƙasa, ta amsa. Sannan ya tashi.

*

Rana ta yi ja sa'ad da aka taru a ƙofar mai unguwa. Suhaibu na zaune a ƙasa, Gwaggo Ruwaida tsaye a kansa kamar kaza da ɗanta. Gazali na gefe. Mutanen Kebbe sun jingina da baburansu, gora a hannu.

"Ranka shi daɗe," in ji Bube, "Gazali ba ruwanai. Ramin ga kuwa kun ga abin da ke ciki. Hinde tana da rai. Ta fita ta danga da ƙafarta, mata biyu na riƙe da ita, don ƙafa guda ba ta taku. Na gan ta da idona."

Abdulganiyyu ya saki gorarsa ta faɗi, ya rufe fuska da hannu biyu.

Suhaibu kuwa zumbur ya miƙe. "Kun ji ko! Na ce sace ta anka yi! Sun karya mini ƙofa! Baba, tana ina? A ba ni matata, a kama ɓarayin!"

"Bube, tana ina?" in ji mai unguwa.

"Na san inda take, ba ni cewa ban sani ba. Amma sana'armu ga mai abu aka miƙa abu. Hinde ba saniya ba ce balle in ce ga mai ita. Na tambaye ta wa za a kira mata, ta ce yayanta. Shi zan kai. Wanda yak kulle ta cikin jini yat tafi tasha, ba da sandata za shi gane hanya ba."

Wuri ya ruɗe. Wani dattijo ya ce ai aure ba a yi masa haka, a yi sulhu. Suhaibu na ta ihun a faɗi sunan waɗanda suka shiga masa gida.

Sai ga Ummu ta ɓullo daga lungu, tsofaffin matan shiyar na biye da ita. Ta rungumo tsintsiyoyi dami guda, na waɗanda suka fito da na matan kulle da ba su iya fitowa ba. Ta zube su gaban mai unguwa.

"Ranka shi daɗe, ga ɓarayin. Kowace da mai ita, kuma kowace mai ita da mijinta a wurin ga. A fara kamu."

Maza suka dubi tsintsiyoyin. Kowa ya gane ta gidansa. Dattijon da ya yi maganar sulhu ya ga wadda aka ɗaure da jan ƙyalle, ta matarsa, ya ja da baya.

Gwaggo Ruwaida ta matso tana duban damin. "Wagga ita ce sharar? Ba don ni kunka yi ba?"

Ummu ta ce, "Sawun Hinde munka ɓatar, Ruwaida. Munka ji tsoron taɓa naki."

"Ƙafar ta karye?"

"Sai an duba asibiti."

Ruwaida ta juya ta dubi ɗan wanta, ta dube shi har ya kau da kai. Ta shige gidanta, ta fito da tsintsiyarta, ta jefa bisa damin.

"Da kun buga mini katanga," ta ce, "da na share nawa."

Mai unguwa ya yanke magana: Hinde ta bi yayanta, a fara kai ta asibiti, sauran zance sai gaban alƙali, kuma shi da kansa zai ba da shaidar abin da ya gani a dokin ƙofa. Ya ƙara da cewa daga yau duk gidan da aka ji kara, a shiga, da takunkumi ko babu. Ladan ya kira salla. Wani ya miƙa wa Abdulganiyyu dabino, ya karɓa.

*

Bayan an tafi da Hinde, Bube ya zauna a tabarma ya sha kunu, ya ɓare goron da ya wuni yana mafarki. Ummu na kwashe kwanuka.

"Duk dabararku," ya ce, "kin manta ke bahaguwa ce. Da kin ba Zahara'u ta share bayan gidan ga, da sai na sha wuya."

"Ta ce za ta share. Ni nih hana."

Ya tsaya da tauna.

"Na san mai unguwa kai za shi kira," ta ce, ba ta ko dube shi ba. "Na ce in tsohon ga bai makance ba, shi ga hannuna shi shigo gida tukuna, kafin shi tafi gaban maza."

"In da na makance fa?"

"Da na san shekara arba'in nika sharar banza."

Ta ɗauki tsintsiyarta da aka dawo mata da ita, ta karkaɗe ɓawon goron da ya zubar a gabansa, daga hagu zuwa dama.